ZAZZAƁIN DA YA ƘI JIN MAGANI

Sanin kowa ne cewa a garuruwa irin su Arikya, cikin ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa, da zarar jikin mutum ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne ko taifot. Nan da nan a aika wa ɗan'uwa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan, shi kuwa ya aiko da kuɗin ƙwayoyi. A sha, zazzaɓi ya lafa kwana biyu, ya komo, a sake aikawa. Haka ake cinye watanni, majiyyaci yana ta ramewa.

Tun cikin 1961 wasu likitoci biyu na Amurka, Petersdorf da Beeson, suka nuna cewa zazzaɓin da ya haura awo 38.3, ya wuce mako uku ba a gano sanadinsa ba, yana bukatar bincike na musamman. Tarin fuka yana iya jawo shi, haka ma ciwon daji.

Ɗaya daga cikin irin wannan daji shi ne limfoma, wato sankarar ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, waɗanda ke taruwa a kaluluwa. Wani lokaci takan kama babban hanji, galibi a ƙasan ciki ta hannun dama, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. Ba ta kai ɗaya cikin ɗari na sankarar babban hanji ba, kuma ƙarancin nan nata shi ke sa a manta da ita. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi, gumin dare mai jiƙa zane, rama, ciwon ciki, wani lokaci har da jini a bayan gida. Ba a tabbatar da ita sai an leƙa hanji da na'ura, an tsinko ɗan nama an duba. In an gano ta da wuri tana jin magani, da dama har su warke.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin cizon sauro. Saboda haka wajibi ne mutanenmu mazauna Kudu su riƙa tambayar gida: kwana nawa ke nan, kuma an gwada jini? In ya kai mako uku, kuɗin da za a aika su zama na mota zuwa babban asibiti a Lafiya ko Keffi. Haka kuma ya kamata gwamnatin jiha ta umarci ma'aikatan ƙananan asibitoci su tura irin wannan majiyyaci gaba ba tare da jinkiri ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.