Malamin Turancin da ba ya karatu, me zai koyar?

1/ Jama'a, mu tattauna batun malaman Turanci a ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi. Ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ba jami'a. A JAMB ma dole ne. Malami ɗaya ke riƙe da makomar aji guda.

2/ Ni a ganina, son karatu ya fi takardar shaida. Yaron ƙauye ba ya jin Turanci a gida, ba ya ji a gona, ba ya ji a kasuwa. Sai a aji. In haddar nahawu kawai malam ya iya, shi ke nan, an rufe masa ƙofa.

3/ Ku tuna, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Tafawa Ɓalewa ma malami ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Mai son labari shi ke sa yaro son harshe.

4/ Wani zai ce "albashin fa?" Gaskiya ne wallahi. Malamin da damina ke mayar da shi gona don ya ci abinci, yaushe zai karanta littafi? Gwamnati ta biya su da kyau, a daina ɗaukar tura malami ƙauye a matsayin horo.

5/ Mu kuma da namu. Ka sayi The Stillborn na Zaynab Alkali, labarin 'yar ƙauye, ka kai wa malamin tsohuwar makarantarka.

Wane malami ya sa ka son karatu?