Ƙarfin walda tun daga yanka yake farawa

A farkon daminar da ta wuce, iskar hadari ta kayar da rumfar ƙarfe ta wani maƙwabcinmu a kasuwa, ruwa ya jiƙe masa buhunan shinkafa da katan-katan na taliya. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki. Da muka je jaje da safe, sai muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau: bututun ƙarfen ko lanƙwasa bai yi ba. Duk inda rumfar ta rabu, a mahaɗa ta rabu. An daddake bakin kowane bututu da guduma, an ɗora shi a kan ɗan'uwansa, an cusa guntayen rodi a giɓin, an ɗiga walda, sannan aka rufe da fenti.

Jama'a, wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari zuwa Damagaram, dukiyarmu a kan aikin mai walda take zaune: rumfa, teburin baje kaya, amalanken jaki, kurar ruwa da kariyar babur. Kurar da ta ɗauki jarka 12 masu lita 25 tana ɗauke da kilo 300 ne na ruwa kawai. Amalanken da aka ɗora wa buhu 10 na shinkafa yana ɗauke da rabin tan. Wannan nauyi duk a mahaɗa yake taruwa, a duk ramin da taya ta faɗa.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, walda ba ta gyara yankan da ya karkace. Idan za a kafa bututu a gefen wani, dole a fafe bakinsa ya yi kwarmi, ya zauna daram kamar sirdi a bayan doki. Gwanaye sukan naɗe takarda a jikin bututun, su zana layin, su yanke da zarto ko inji, su bi da magagari har ƙarfe ya taɓa ƙarfe ta kowane gefe. Idan kusurwa ce, ana yanke kowane baki a karkace daidai digiri 45, su haɗu su ba da 90. Idan bututu mai kauri ne za a haɗa baki da baki, sai a goge gefen ya yi gangare, a bar ɗan giɓi na milimita 2 zuwa 3 domin narkakken ƙarfe ya ratsa har ciki. Kafin nan an kankare tsatsa, fenti da maiƙo. Sannan a ɗiga walda wuri uku ko huɗu, a sake aunawa, domin ƙarfe yana janyewa idan ya huce. Bayan duk wannan ne ake zagayewa da ɗinki.

Wannan aiki yana cin lokaci, kuma a nan ne namu laifin yake. Mu ne muke zuwa ranar jajibirin kasuwa muna cewa lallai gobe da asuba muke son kaya. Mu ne muke ja da mai walda a kan jika guda ko biyu, har mu ce na gaba ya yi mana ragi. Shi kuwa ga tsadar man janareta, ga yaran shago, ga wuta da ba ta da tabbas. Ba zai iya rage kuɗin ƙarfe ba, sai ya rage inda ido ba ya gani. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sauri kuma ya haifi nawa.

Wani zai ce ai shi ba maƙeri ba ne, ina zai gane? To, ɗan kasuwar da yake soka buhu ya duba hatsi kafin ya biya, ba zai kasa duba mahaɗa ba. Mu nemi a nuna mana aiki kafin a shafa fenti. Mu duba ko bakin bututu ya rungumi ɗan'uwansa ko kuwa an baje shi da guduma. Mu duba ko ɗinkin ya zagaye duka, har ƙasa inda sai an duƙa. Mu sa a kakkaɓe ɓawon da ke saman ɗinkin, domin a ƙarƙashinsa ramuka suke ɓuya. Kuma kauri ba ƙarfi ba ne: tulin walda kamar kashin kaza yawanci giɓi yake rufewa.

Su ma masu walda muna kira gare su da su ji tsoron Allah. Idan kuɗin da aka taya ba zai yi aiki mai kyau ba, gara ka faɗa, ka bar ciniki ya wuce. Shugabannin ƙungiyoyinsu kuma su tabbatar yaro ya iya awo da yanka kafin a miƙa masa wuta.

Maƙwabcinmu ya sake rumfa, ya biya sau biyu, ban da asarar kaya. Da a ce rana ce ta cin kasuwa, da ba buhu kaɗai za a yi jaje ba. Allah ya tsare mu, ya ba mu kasuwa mai albarka.