Zuciyar Iyaye Mata Bayan Ɗaukewar Al'ada

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ciwon zuciya cutar maza ce. Wannan kuskure ne, kuma iyaye mata ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Muddin mace tana ganin al'ada, sinadarin istirojin yana taimaka wa jijiyoyin jininta. A cikin kowace jijiya akwai wata siririyar fata mai fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa jijiyar ta saki, jini ya wuce cikin sauƙi. Gano aikin wannan iska ne ya ba masana uku lambar yabo ta Nobel a 1998. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, istirojin yakan ragu, jijiyoyi su fara tauri, mugun kitsen jini, wato kolestarol na LDL, ya ƙaru, ya riƙa taruwa a bangonsu har ya toshe hanya.

A da an zaci mayar wa mace da istirojin zai kare zuciyarta. Amma a 2002 sai aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka, saboda an ga haɗin istirojin da furojestin ya ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar mama.

Magungunan sitatin sun fi tabbas. Akira Endo, mutumin Japan, shi ya samo na farkonsu daga funfuna a farkon shekarun 1970. Sukan rage kolestarol ɗin da hanta ke sarrafawa, sai hantar ta janye LDL daga jini. Bugu da ƙari, suna taimaka wa fatar jijiya wajen fitar da naitirik oksaid. Nazarin gwaje-gwaje 27 da aka buga a 2015 ya nuna cewa mata na amfana da su kamar yadda maza ke amfana.

Duk da haka, ba kowace mace ce ke buƙatarsu ba, kuma ba a kemis ake yanke wannan hukunci ba. Likita ne zai auna kitsen jini, ya duba shekaru da hawan jini da ciwon suga, ya kuma lura da ciwon tsoka da maganin kan jawo wa wasu. Ƙwaya ba ta maye gurbin motsa jiki da rage kitse da man shanu a abinci.

Saboda haka ya kamata gwajin kitsen jini ya zama abin da kowace mace za ta nema idan ta kai waɗannan shekaru. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi, ya raka mahaifiyarsa asibiti aka auna ta, ya ci moriyar ilimin halittu tun kafin ranar jarrabawa.