Dara Tana Gindin Bishiya, Ana Neman Basira a Waya

Wani sabon wa'azi ya shigo birnin Maraɗi da kewayensa, daga Tibiri har Jiratawa: wai duk yaron da ba ya wasan bidiyo a wayar hannu za a bar shi a baya, domin wasan ne ke koyar da auna wuri da juya siffa a ƙwaƙwalwa. Masu sayar da waya sun karɓe shi hannu bibbiyu, iyayen da ke tsoron a ce ba su waye ba kuma sun bi.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A 2007 Feng da Spence da Pratt na Jami'ar Toronto sun nuna cewa awa 10 na wani wasan harbi sun ƙara wa ɗalibai iya juya siffa a zuci. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike 217, suka tabbatar cewa wannan basira horo ke ƙara ta, ba gado ba ne kurum. Sai dai masu wa'azin suna ɓoye rabin labarin. A 2002 Sims da Mayer sun gwada gwanayen Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, suka iske sun fi kowa juya siffofin Tetris, amma a sauran gwaje-gwaje ba su fi kowa ba. Horon da Uttal ya ƙirga kuwa ya haɗa da darussa da atisaye iri-iri, ba na'ura kaɗai ba. Ashe sirrin yana ga horo.

To, wane horo ne Jiratawa ta rasa? Dara tana nan: gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, mai jera uku ya ci na abokin karawa. Ba a cin ta sai an hango yadda fagen zai kasance bayan motsi biyu ko uku. Yaron da ya ƙera mota da kara ko gwangwani ya auna tsawo da faɗi, ya daidaita ƙafafu, in ya kuskure motar ta ƙi tafiya. Wanda ya bi mahaifinsa fadamar noman rani ya ga yadda ake yanka fangali, ake bi da ruwa ta gangare. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran caji. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, ba a fasa dara ko yini ɗaya ba.

Abin takaici shi ne makarantar boko tana kiran wannan duka shiririta, sa'an nan ta sara wa irinsa in ya zo a kwali daga waje. Nijar ta yi ƙarfin halin buɗe ajin Hausa na gwaji a Damagaram tun 1973; shigar da dara darasin lissafi bai kai wannan wuya ba. Alhakin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ne ta gwada ta da ma'aunin da aka gwada Tetris. Wanda ke da halin waya ya saya wa ɗansa, amma kada a sa talaka ya sayar da zogalensa don sayen abin da ke gindin bishiyar ƙofar gidansa kyauta.