Addu'a Ba Ta Jiran Ranar Lahadi

Yau za mu taɓo wata magana wadda ba a cika jin ta a wannan fili ba, wato maganar matasa mabiya ɗarikar Katolika da ke zaune a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Da ruwansa kuwa, domin yaron da ke tsare maka shago, ko yarinyar da ke taya ki suyar ƙosai, ko ɗan kabu-kabun da ke kai ki gida da kaya, yana iya zama ɗaya daga cikinmu ko da bai taɓa faɗa ba.

Sanin kowa ne ba mu da yawa. A duk faɗin Nijar ƴan Katolika ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Sai a shekarar 2001 aka ba Maraɗi bishop nata, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan ƙasar Burkina Faso, ya zama na farko, kuma yankin da aka danƙa masa ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san wannan faɗi ya fi ƙarfin limaman coci da ake da su, waɗanda muke kira Fada. Babban cocinmu yana cikin birnin Maraɗi. Daga Agye zuwa can kusan kilomita 80 ne, Gazawa kuma ta fi haka nisa. Saboda haka matashin da ke ƙauye yana iya share makonni bai halarci Misa ba, ita ce kuwa babbar ibadarmu.

A nan ne gizo ke saƙa. Da yawa daga cikinmu sun rataya imaninsu ga ranar Lahadi da zuwan Fada kaɗai. In Fada ya zo a yi ibada, in bai zo ba a naɗe hannu. A ganinmu wanda ya yi haka zai wayi gari wata rana ya tarar ba abin da ya rage masa sai sunan baftisma. Ku mata ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan lissafi. Mai zubin adashi ba ta jira sai ta samu jika goma kafin ta zuba. Ƴar dalar da take ajiyewa kullum ita ke zama jari. Kusantar Allah ma haka take, da yayyafi kogi kan cika.

Darasin ba nisa yake da mu ba, yana nan cikin kasuwa. Da ladan ya kira azahar, sai ka ga mai shago ya bar ciniki, ya ɗauki buta, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu. Ya ba Allah lokacinsa, kuma bai nemi izinin kowa ba. Mu ma an bar mana irin wannan gado, sakaci ne kawai ya sa muka yar da shi. Muna da addu'ar da ake yi sau uku a rana, ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, wadda ba ta cin minti 3. Muna da carbinmu. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin Hausa tun 1932, yau ma har cikin salula ana samun sa, salular da muke kwana muna latsawa. Muna da azumin kwana 40 kafin bikin Ista. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin mota. Kuma inda aka samu gida uku ko huɗu, ba abin da zai hana a taru da yamma tare da malamin katikisma a yi karatu.

In ana son shaida, a tuna da Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, wanda ƴan bindiga suka sace a Bomoanga cikin jihar Tillaberi a watan Satumban 2018, ba a sako shi ba sai Oktoban 2020 a ƙasar Mali. Shekara biyu ba coci, ba Misa, ba jama'a. Abin da ya riƙe shi ne addu'ar da ya saba da ita tun kafin masifa ta zo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in wuya ta zo, abin da mutum ya tara a zuciya shi kaɗai zai fito.

Wani zai ce, ai cikin da ke da yunwa ba ya jin wa'azi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsanani. Ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma tun 2019 suke karɓar ƴan gudun hijira daga Najeriya. Da an cire amfanin gona samari sai su kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa, wasu har Aljeriya da Libiya. To, wannan ma hujja ce a gare mu. Wanda ya tafi can ba zai ɗauki coci a ka ba, sai abin da ya saba da shi. Ba kuma cewa muke addu'ar ɗaki ta maye gurbin Misa ba. Duk ranar da hali ya samu, a tara kuɗin mota a je, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Sai dai akwai ma'auni, kuma a kasuwa yake. Mai cewa yana kusa da Allah amma tiyarsa ta saye daban, ta sayarwa daban, kansa yake ruɗi. Mai zuba tsakuwa cikin wake, ko mai cin bashi ya ɓuya, carbinsa ado ne kawai. A dubi matan zumuntar Servantes du Christ da marigayiya Marie Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa a 2006. A Tibiri suka zauna suna koyar da yara, suna ciyar da masu tamowa, ba su tambayi addinin uwar yaro ba. Addu'ar da ta kai ga Allah, maƙwabci ne ke fara ganin alamarta.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu gare ku iyayen gidanmu, Alhazai da Hajiyoyi. Tun ƙone-ƙonen coci-coci da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, akwai yaran da tsoro ya sa suke ɓoye addininsu, har suna sauya suna a wurin aiki. In kuna da irin wannan yaro a ƙarƙashinku, ku ba shi safiyar Lahadi kamar yadda ake tashi ranar Juma'a, kuma ku tsawata wa masu yi masa ba'a. Ba asara za ku yi ba. Yaron da ya saba tsayawa gaban Allah da asuba, da wuya ya sa hannu cikin akwatin kuɗinku da rana.

Mu kuma matasa, mu fara daga yau, ko da minti 5 ne kafin a buɗe shago. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.