Karen Yayana Da Bodari

Zuwa ga Edita,

Ga wasiƙata ta wannan mako daga ƙasar Gumel. Na san waɗansu malamai za su ce me ya kawo zancen kare a shafin da a ke maganar ilmi. Su yi mini gafara, gama wanda ya ke da awaki a bayan gari ya san rasa mai gadinsu ba ƙaramar hasara ba ce.

Da kakar nan na kwana gidan yayana a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Can tsakar dare muka ji karensa yana haushi bayan rumbu, sa'an nan ya yi ƙara ya sheƙo tsakar gida yana birgima. Nan da nan wani wari ya turnuƙe gidan, kowa ya farka yana tari. Ashe bodari ya taras. Ga wanda bai san shi ba, wata 'yar dabba ce baƙa mai zane fari huɗu daga kai har gindin wutsiya, ba ta fita sai da dare, abincinta ɓeraye da ƙwari da ƙwan tsuntsaye. In an matsa mata sai ta juya baya, ta ɗaga wutsiya, ta feso wani ruwa daga ƙarƙashinta.

Da gari ya waye uwargida ta ce, "Malam, ko dai karen nan ya bar gidan nan, ko mu." Yayana ya kwara masa ruwa guga uku, a banza, domin abin da bodari ke fesowa mai ne, ruwa tsura ba ya ɗauke shi. Wani maƙwabci ya ce a goge shi da kananzir. Wannan kam na hana, saboda kananzir yana ƙona fata, in kuwa kare ya lashe shi ya zama guba. Wani yaro kuma ya ce ya ji Turawa na wanke nasu da ruwan tumatir. Tumatir ba ya kashe warin, hancin mai wankin ne ke gajiya har ya daina ji, baƙo na shigowa zai toshe nasa.

Abin da ya fisshe mu shi ne wani haɗi da na taɓa karantawa. A Amurka akwai wata dabba, sikank, mai kama da bodari a zane da hali, ko da ya ke ba danginsu ɗaya ba. Warinta daga sinadarin farar wuta ya ke. A shekarar 1993 wani masanin haɗa sinadarai, Paul Krebaum, ya bayyana maganin abin. A sami ruwan nan mai kumfa da a ke wanke miki da shi, watau haidurojin feroksaid, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, kamar lita 1. A zuba sodar masu gashin burodi, wadda a ke kira bikabonet, babban cokali 4, da sabulun ruwa ƙaramin cokali 1. Sabulu ke narkar da man, ruwan kumfan kuwa ya juyar da sinadarin ya koma abin da ba ya wari.

Ran Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, saboda haka muka tura aka sayo. A duba kwalbar da kyau: in an rubuta kashi 6, sai a ƙara ruwa daidai yawansa. Muka haɗa a buɗaɗɗen bokiti, muka cuɗa masa har cikin gashi tun yana kumfa, muka bar shi minti 5, muka ɗauraye. Sai da muka yi sau biyu.

Amma fa a kiyaye. Kada haɗin ya shiga idon kare, ko kunnensa, ko bakinsa. Fuska da tsumma a ke goge ta, idon da ya yi ja kuwa ruwa mai tsabta kaɗai za a zuba masa. Kada kuma a ɗura sauran a kwalba a toshe don gobe, iskar da ya ke fitarwa za ta fasa ta. A zubar.

Abin da ya fi damuna ma ba warin ba ne. Mutane na gudun kare mai wari, ba mai duba ko an cije shi, alhali dabbar daji na iya sa masa ciwon hauka, wanda in ya bayyana a jikin ɗan Adam sai dai ikon Allah. Muka bi jikinsa a hankali, ba mu ga miki ba, duk da haka na sa yayana ya kai shi wurin malamin dabbobi a Gumel aka yi masa allura.

Yanzu kare ya koma bakin aikinsa, sai dai baƙin gashinsa ya ɗan yi ja, kuma in raɓa ta jiƙa shi a kan ɗan ji burbushin warin. Yayana ya toshe ramin da ke gindin rumbu, ga shi kuma yana kukan ɓeraye sun yi yawa. Ina roƙon maharban wajen Gagarawa, waɗanda karnukansu suka fi namu gamuwa da bodari, su rubuto su gaya mana da me iyayensu ke wanke su.

Wassalam.

Ni ne naku,
Malamin Makaranta, Gumel.