Karin Harshe Ba Gurɓacewa Ba Ne

Idan Basakkwace ya ce "ya zaka", Bakano kuma ya ce "ya zo", babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Amma sau da yawa Basakkwacen ake yi wa dariya, har masu wasan kwaikwayo sukan ari bakinsa idan suna son fito da baƙauye. Wanda ya tashi a zangon Kumasi kuwa, abin nasa ya fi muni, domin kai tsaye akan ce masa Hausarsa gurɓatacciya ce.

Wannan hukunci bai da tushe a ilimin harshe. Nisan wuri da daɗewar zamani da cuɗanya da maƙwabta su ke haifar da karin harshe. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun zauna a Salaga da sauran zangogi, suka yi auratayya da mutanen da harsunansu ba su da ƙ da ɗ, ba su kuma raba jinsin namiji da na mace a nahawu. Jikokinsu suka tashi suna cewa "mota ne". Ai ko Bazazzagi, wanda bai bar ƙasar Hausa ba, yakan ce "rigan nan". Haka ɗan Damagaram yake zuwa "lakwal" saboda zama da Faransanci.

Me ya sa Kananci ya zama ma'auni? Kano ce cibiyar ciniki, bakinta ya riga ya yaɗu, sai masu tsara rubutun boko suka ɗora Daidaitacciyar Hausa a kansa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da littattafan makaranta da gidajen rediyo suka ƙara kafa ta. Zaɓi ne na sauƙaƙa aiki, ba shaidar asali ba. Hasali ma, masana sun nuna cewa karin yamma ya fi riƙe tsofaffin siffofi: "ɗiya" ta Sakkwato ta girmi "'ya" ta Kano.

Dole ne ɗalibi ya ƙware a Daidaitacciyar Hausa, domin da ita ake rubutu da jarrabawa, ita ce kuma mutumin Maiwurno ta Sudan da na Yawunde za su karanta su fahimci juna. Malamin da ya gyara masa "mota ne" a takarda ya yi aikinsa. Wanda ya sa aji ya yi masa dariya saboda lafazin gidansu kuwa, yaro zai daina buɗe baki a ajin.